Tafiya, Keke ko Ruwa: Wanne Ya Dace da Gaɓar da Aka Yi wa Tiyata?

Akwai wani lokaci da kusan duk wanda aka yi wa tiyatar gwiwa ko ta kwatangwalo yake isa gare shi, galibi tsakanin mako na uku da na shida, lokacin da an riga an cire ɗinki, zafin farko ya lafa, an rage shan maganin ciwo, amma har yanzu mutum yana jin ƙafar kamar ta aro. A nan ne zaman ɗaki yake fara gundurarsa, masu zuwa dubiya kuma kowa da tasa shawarar: wannan ya ce a yi ta tafiya har ƙafa ta saki, wancan ya ce keken motsa jiki shi ne magani, wani kuma ya rantse cewa babu abin da ya kai shiga ruwa. Dukansu suna da gaskiya gwargwado, sai dai hanyoyin nan uku ba aiki ɗaya suke yi wa gaɓa ba, kuma wanda ya rungumi ɗaya daga cikinsu ba tare da ya san abin da gaɓarsa ta rasa ba yana iya shafe watanni yana gumi a kan abin da ba shi ne matsalarsa ba.

Gaɓar da aka yi wa aiki abubuwa uku take rasawa a lokaci guda. Tana rasa lanƙwasuwa da miƙewa, domin kumburi da tabon da ke haɗuwa a ciki suna ɗaure ta. Tana rasa juriyar ɗaukar nauyi, domin naman da aka yanka da ƙashin da aka taɓa ba su gama warkewa ba. Sannan tana rasa ƙarfin tsokokin da ke riƙe da ita, kuma wannan asarar ta fi yadda mutane suke zato girma. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Delaware ta Amurka, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa wata ɗaya bayan sauya gwiwa, wato dasa gaɓar ƙarfe da roba a madadin ta asali, tsokar gaban cinya takan rasa kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin da take da shi kafin aiki, kuma mafi yawan asarar ba daga ramar tsoka ta zo ba, ta zo ne daga yadda jiki yake kasa umartar tsokar ta ɗaure sosai. Ciwo da kumburin gaɓa su ne suke toshe wannan umarnin, shi ya sa duk motsa jikin da ya bar gwiwa a kumbure yake rage ƙarfin da ake ƙoƙarin dawowa da shi.

Kafin a kwatanta hanyoyin, ya kamata a san nauyin da kowace take ɗora wa gaɓa, kuma wannan ba hasashe ba ne, domin an auna shi daga cikin jikin mutane. A birnin Balin na Jamus da kuma asibitin Scripps da ke jihar Kalifoniya, an dasa wa wasu majinyata gaɓoɓin ƙarfe masu ɗauke da na'urar awo, aka riƙa karanta nauyin da ke bi ta cikinsu yayin da suke harkokinsu. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana ɗora wa gwiwa nauyin jiki ninki biyu zuwa biyu da rabi a kowane taku, keken motsa jiki yana ɗora mata abin da ya wuce nauyin jiki da kaɗan kawai, sassarfa kuwa tana kai wa kusan ninki huɗu. Idan mutum yana da nauyin kilo 80, gwiwarsa tana karɓar abin da ya kai kilo 200 idan yana tafiya, wajen kilo 100 idan yana kan keke, fiye da kilo 300 kuma idan ya fara gudu. Masu binciken Balin sun kuma ga cewa tuntuɓe guda, ko da mutum bai faɗi ba, yana iya ɗora wa kwatangwalo abin da ya haura nauyin jiki ninki bakwai. Wannan adadi na ƙarshe ya cancanci a riƙe shi, domin za mu sake komawa kansa a gaba.

Tafiya ita ce ta farko, kuma babu wanda yake da zaɓin barin ta. A yawancin asibitoci a yau, ana tayar da wanda aka sauya wa gwiwa ko kwatangwalo ya taka ƙasa a ranar aikin ko washegarinta, domin motsin ƙafa yana tura jini daga sha-raɓa zuwa sama, yana rage haɗarin daskarewar jini a jijiya, wanda yana daga cikin abubuwan da likitoci suka fi tsoro a makonnin farko. Tafiya ce kaɗai a cikin ukun take koya wa ƙafa ɗaukar cikakken nauyin jiki, ita ce take horar da daidaiton tsayuwa, ita ce kuma take ba ƙashi irin matsin da yake bukata don ya riƙe ƙwarinsa. Ba ta bukatar na'ura ko wani wuri na musamman, kuma a ƙarshe ita ce abin da aka yi tiyatar dominsa.

Amma tana da rauni guda da masu yabonta ba su cika ambata ba. Tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ba ta neman gwiwa ta lanƙwasu fiye da digiri 60 ko 65 (idan aka ɗauki miƙaƙƙiyar ƙafa a matsayin sifili), alhali tashi daga kujera da hawa matakala suna neman kusan 90, saukowa daga matakala kuma ya fi haka. Saboda haka mutum yana iya yin tafiyar kilomita uku kullum, mutane suna yi masa barka, gwiwarsa kuwa tana nan tana sandarewa a digiri 80 bai sani ba, sai ranar da ya zo shiga ƙaramar mota ko ɗaura igiyar takalmi. Lokacin da tabon ciki yake da laushi, wanda za a iya miƙe shi da atisaye, ba shi da tsawo. Idan an kai makonni shida zuwa goma sha biyu gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, likitan ƙashi yakan fara maganar a sa wa mutum maganin barci a lanƙwasa ta da ƙarfi don a tsinka tabon, kuma mafi yawan likitoci sun fi son a yi hakan kafin a wuce wata uku.

Rauni na biyu shi ne ɗingishi. Jiki yana da wayo wajen kauce wa ciwo, kuma idan aka matsa masa ya yi doguwar tafiya da tsokar da ba ta da ƙarfi, zai nemo wata dabara: ya gajarta takun ƙafar da aka yi wa aiki, ya karkata kafaɗa, ya jefa ƙafar ta gefe. Idan wannan dabara ta zauna, cire ta ya fi koyon tafiya daga farko wuya, sau da yawa kuma ɗaya gwiwar da bayan mutum su ne suke biyan bashin. A ganina babu gaggawar da ta kai ta ajiye sanda yawa a tsakanin majinyata, musamman maza, waɗanda suke ganin riƙe ta kamar wani abin kunya ne. Tafiya mai kyau da sanda ta fi tafiya karkatacciya babu ita, kuma ana riƙe sandar ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba a gefen ƙafar da ke ciwo ba. Tafiyar minti biyar zuwa goma sau huɗu ko biyar a rana ta fi doguwa guda ɗaya amfani a farkon lamari, domin tana ba da motsin da ake so ba tare da ƙafa ta cika ta yi nauyi ba.

Keken motsa jiki, wato wanda yake kafe a wuri guda, shi ne yake toshe wannan giɓin na lanƙwasuwa, kuma a kansa zan fi daɗewa. Kafin feda ta zagaya cikakken zagaye a kan keke na yau da kullum, gwiwa tana bukatar ta lanƙwasu kimanin digiri 105 zuwa 110, abin da ke nufin cewa keken ma'auni ne kuma abin horo ne a lokaci guda. Ranar farko da wuya mutum ya iya zagayawa. Yana zaune, sirdi an ɗaga shi sama fiye da yadda ya saba, ya tura feda gaba har ta kai inda gwiwa ta ce a'a, ya tsaya nan na ɗan lokaci yana jin gaban gwiwar yana ja kamar an ɗaure shi da tsumma, sannan ya dawo da ita baya har ta tsaya a ɗaya gefen. Haka zai yi ta lilo da ita, rabin zagaye gaba, rabin zagaye baya, lafiyayyar ƙafar ce take tuƙi, mai ciwon tana bi. Bayan kwanaki, wani lokaci mako guda ko biyu, sai wata rana fedar ta haye saman da kanta, yawanci ta baya take fara hayewa kafin ta gaba, mutum ya ji wani ɗan zafi mai kaifi ya wuce, zagaye na biyu kuma ya zo da sauƙi fiye da na farko. Daga nan ana rage tsawon sirdi kaɗan-kaɗan, kowane ragi yana neman ƙarin lanƙwasuwa.

Abin da ya sa keke yake da tasiri shi ne yawan maimaitawa a ƙarƙashin ƙaramin nauyi. A cikin minti goma, ko da a hankali ake tuƙawa, gwiwa tana lanƙwasuwa ta miƙe sau ɗari huɗu ko biyar, adadin da babu wanda zai iya kai wa yana kwance yana jan diddige a kan gado. Wannan motsi yana zagaya da ruwan da ke cikin gaɓa, wanda shi ne yake ciyar da guringuntsi tun da guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini na kansa, kuma yana taimaka wa kumburi ya janye. Wani alherin kuma shi ne ana iya auna komai: minti nawa aka yi, a kan wane tauri, sirdi yana kan wane rami. Idan gwiwa ta kumbura washegari, an san ainihin abin da aka ƙara, an san abin da za a rage. Ƙa'idar da masu fisiyo, wato ƙwararrun jinya ta hanyar motsa jiki, suka fi bi ita ce a fara ƙara lokaci kafin a ƙara tauri, har sai mutum ya iya minti goma sha biyar ko ashirin babu tauri ko kaɗan.

Duk da haka ba zan ɓoye cewa hujjar bincike a kan keke ba ta tafi gefe ɗaya ba. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Jamus, wanda aka wallafa a 2010, ya raba majinyata gida biyu, wasu suka ƙara tuƙa keke a kan atisayensu, wasu ba su ƙara ba. Waɗanda aka sauya wa kwatangwalo sun amfana a fili, amma a wajen waɗanda aka sauya wa gwiwa ba a ga bambancin da ya taka kara ya karya ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne keke kayan aiki ne na wata bukata takamaimai, ba abin da yake gyara komai ba. Ba ya horar da daidaiton tsayuwa, tun da mutum a zaune yake. Ba ya ba ƙashi matsin da tafiya take ba shi. Mafi muhimmanci, ba ya kai gwiwa ga cikakkiyar miƙewa, domin ko a ƙasan zagaye tana ɗan lanƙwashe, alhali gwiwar da ba ta miƙe sarai ba ta fi wadda ba ta lanƙwasu sosai ba wahalar da mai ita wajen tafiya. Wannan miƙewar sai an neme ta daban, a kwance, an ɗora diddige a kan wani abu mai ɗan tudu an bar bayan gwiwa yana sauka. Nan ne ma ya kamata a faɗi cewa cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin barci, duk da daɗin da yake yi, yana daga cikin abubuwan da suke hana ta miƙewa.

Akwai kuma ha'incin da jiki yake yi a kan keke, wanda sai mai kallo daga baya yake ganinsa. Idan gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sai mutum ya ɗaga ɗuwawun wannan gefen daga sirdi a duk lokacin da feda ta zo sama, ko ya nuna yatsun ƙafa ƙasa, ya ga kamar ya zagaya alhali ƙugu da idon sawu ne suka yi aikin. Ga wanda aka sauya wa kwatangwalo kuma, musamman idan ta baya aka yanka aka shiga gaɓar, likitoci da yawa suna hana a lanƙwasa cinya ta wuce digiri 90 a makonni shida zuwa goma sha biyu na farko don kada ƙwallon gaɓar da aka dasa ya goce daga mazauninsa, saboda haka gajeren sirdi, ko keken nan mai jingina da ake zama a ƙasa-ƙasa, na iya karya wannan dokar ba tare da an lura ba. Hawa da sauka su ma suna bukatar kulawa. Keken titi kuwa magana ce ta daban, domin can akwai birki na ba-zata da sa ƙafa ƙasa da sauri da faɗuwa, kuma an riga an faɗi abin da tuntuɓe kaɗai yake yi.

Ruwa shi ne mafi daɗi a cikin ukun, kuma shi ne mafi jinkirin buɗe ƙofarsa. Ana cire ɗinki ko ƙananan ƙarafan da aka haɗe fata da su tsakanin kwana 10 zuwa 14, amma wannan bai isa a shiga ruwa ba. Sai raunin ya rufe gaba ɗaya, babu ɓawo, babu ɗigo, kuma likitan da ya yi aikin ya amince, abin da yakan ɗauki makonni uku zuwa shida. Dalilin tsananin nan shi ne ƙwayoyin cuta idan suka isa jikin ƙarfen da aka dasa sukan manne masa su yi wa kansu rufi, maganin kashe ƙwayoyi ya kasa cim musu, wani lokaci har sai an sake buɗewa an wanke ko an cire ƙarfen dungurungum. Babu wani amfanin ruwa da ya kai a yi kasada da wannan.

Idan lokacin ya yi, abin da ruwa yake bayarwa babu mai bayar da shi. Wanda ya tsaya a ruwa iya cibiya, ƙafafunsa kusan rabin nauyinsa kawai suke ɗauka. Idan ruwan ya kai ƙirji, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Idan ya kai wuya, kusan kashi ɗaya bisa goma. Mutumin da yake ɗingishi a tudu sai ya ga yana taku daidai a cikin ruwa, yana ɗaga gwiwa, yana tsayawa a kan ƙafa ɗaya, yana yin rabin tsuguno, abubuwan da ya manta rabonsa da su. Matsin ruwa a jikin ƙafa yana taimakawa wajen kumburi kamar yadda safar matsi take yi, ɗumin tafkin jinya kuma yana sassauta tsoka. Taurin ruwa yana bin saurin mai motsi, idan ya yi a hankali ya ji sauƙi, idan ya ƙara sauri ya ji nauyi, don haka shi da kansa yake daidaita wahalarsa. Ba sai mutum ya iya ninkaya ba, domin mafi yawan amfanin yana cikin tafiya da atisaye a tsaye a inda ƙafa take taɓa ƙasa. Ga mai ƙiba, ko wanda ɗaya gwiwar tasa ita ma ta lalace tana jiran nata aikin, ko wanda tsoron faɗuwa ya hana shi motsi, ruwa ne zan sa a gaba ba tare da jinkiri ba.

Sai dai ruwa mayaudari ne. Tun da ba a jin ciwo a cikinsa, mutum yakan yi minti arba'in a ranar farko maimakon goma sha biyar, ya fito yana murna, a matakalar fita ya ji nauyinsa ya dawo masa kamar an ɗora masa buhu, da dare kuma gwiwa ta ɗau zafi ta cika. Haɗarin da ya fi girma ma ba a cikin ruwan yake ba, yana kan jiƙaƙƙen daɓen da ke tsakanin ɗakin sauya kaya da bakin tafki, saboda haka tafkin da ke da matakala mai faɗi da abin riƙewa ne ya dace, ba mai tsani a tsaye ba. Salon ninkayar da ake buɗe ƙafafu ana harbawa kamar kwaɗo yana murɗa gwiwa da kwatangwalo, likitoci da yawa suna cewa a jinkirta shi. Mai ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa, domin nutsewa zuwa ƙirji yana ƙara yawan jinin da ke komawa zuciya. A kan duk wannan, ruwa ba ya shirya ƙafa ta ɗauki nauyi a tudu, kuma a tudu ake rayuwa.

Akwai abin da duka ukun suka gaza a kansa, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin tambayar "wanne zan zaɓa" ba ta cika ba idan aka tsaya a kansu. Babu ɗaya daga cikinsu da yake dawo da ƙarfin tsokar cinya da ta ɗuwawu yadda ya kamata. Wannan sai da atisayen ƙarfi wanda ake ƙara masa nauyi a hankali: ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, tashi da zama a kujera ba tare da dafa hannu ba, hawa da sauka a kan ƙaramin mataki, daga baya kuma jan roba ko tura nauyi da ƙafa. Atisaye ne mai gundura, babu wanda yake ba da labarinsa, kuma shi ne wanda ake fara yasarwa da zarar an samu sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta nemi kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ta kuma ware aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka daban. Idan lafiyayye yana bukatar wannan, wanda ya rasa fiye da rabin ƙarfin cinyarsa ya fi bukata.

To, yaya za a zaɓa? Idan an sauya gwiwa kuma babbar matsala ita ce sandarewa, keke ne ginshiƙi, kullum ko kusan kullum, tafiya gajera-gajera tana biye, miƙewa kuma ana nemanta a kwance. Idan gwiwar tana lanƙwasuwa lafiya amma tana kumbura duk lokacin da aka daɗe a tsaye, ruwa da keke su ɗauki mafi yawan aikin har ta huce. Idan kwatangwalo aka sauya, sandarewa ba kasafai take zama matsala ba, abin da ya fi damun mutane shi ne raunin tsokar gefen ɗuwawu da ɗingishin da yake haifarwa, don haka tafiya mai tsabta da atisayen ƙarfi su ne kan gaba, keke mai dogon sirdi yana taimakawa. Idan kuma an ɗinke guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa, ko an gyara fuskar gaɓa, likita yana iya hana ɗora cikakken nauyi ko lanƙwasawa mai zurfi na wasu makonni, kuma wannan umarnin ya shafe duk abin da aka faɗa a nan. Shi ne ya ga cikin gaɓar, ya san ingancin ƙashin da abin da ya ɗinke.

Kowace hanya aka bi, alƙalin da ya fi adalci shi ne safiyar gobe. Ciwon da ake ji lokacin atisaye, idan bai wuce uku ko huɗu ba a ma'aunin da goma ce ƙarshensa, kuma ya lafa cikin awa 24, ba alamar ɓarna ba ne. Amma idan mutum ya tashi da safe gwiwa ta fi ta jiya kumburi, ko ta fi sandarewa, to jiya an wuce gona da iri, sai a koma matakin baya na kwana biyu ko uku, ba a daina gaba ɗaya ba. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce a sami awon tela a riƙa zagaya gwiwa da shi a wuri ɗaya, daidai tsakiyar ƙoƙon gwiwa, kowace safiya kafin a sauko daga gado, a rubuta adadin. Ido yana ruɗuwa, musamman idon wanda yake ɗokin warkewa, amma santimita ba ta san ɗoki ba. Ƙari kuma abu ɗaya ake yi a lokaci guda, ko nisa, ko sauri, ko tauri. Ɗan kumburi da ɗumi a gwiwar da aka sauya suna iya ɗaukar watanni uku zuwa shida, wani lokaci har shekara, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ba a jira da shi zuwa gobe shi ne zazzaɓi, ja ko ruwa ko mugunya daga rauni, ciwo da kumburin sha-raɓa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, da kuma kasa taka ƙafar da jiya ake takawa.

Maganar komawa gudu da wasanni ta rabu biyu, kuma haɗa su kuskure ne da ake yawan yi. Wanda aka dasa wa gaɓar ƙarfe da roba yana amfani ne da abin da ke cinyewa ba ya tsirowa. Tun daga 1962, lokacin da likitan ƙashi John Charnley ya fara haɗa ƙwallon ƙarfe da mazaunin roba mai tauri a asibitin Wrightington na Ingila, cinyewar robar nan ce babbar abin da masu ƙera waɗannan gaɓoɓi suke fama da shi. An ci gaba ƙwarai: wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, na kwatangwalo kuma kusan kashi 58. Wanda aka yi wa aiki yana da shekara 70 lissafinsa daban ne da na mai shekara 50, wanda kusan tabbas yake so gaɓar ta raka shi shekaru talatin. Shi ya sa akasarin likitocin ƙashi suke ƙarfafa tafiya, keke da ninkaya har iyakar rayuwa, suna ja da baya a kan dogon gudu da wasannin tsalle da karo.

Matashin da aka sake wa jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL kuwa, burinsa shi ne ya koma fili, kuma yana iya komawa, sai dai jarabawarsa ta fi ta kowa wuya domin jikinsa yana yi masa ƙarya. Jijiyar da aka dasa masa tana bin wani sauyi a cikin gwiwa, inda take yin rauni a tsakanin mako na shida da na goma sha biyu kafin ta fara ƙarfafa, daidai lokacin da ciwo ya tafi kuma yake jin zai iya komai. Keke da tafiya a ruwa suna riƙe masa numfashi da ƙarfin zuciya a wannan tsakanin ba tare da murɗa gwiwa ba, sassarfa a miƙe kuma ba ta cika zuwa kafin wata uku ko huɗu ba. Binciken haɗin gwiwa na Delaware da Oslo ta ƙasar Norway, wanda aka wallafa a 2016, ya gano cewa kowane wata guda da aka jinkirta komawa wasan da ake juyi da tsalle a cikinsa, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Kalanda kaɗai ba ta isa ba, domin masu binciken sun kuma auna ƙarfin cinya da gwaje-gwajen tsalle da ƙafa ɗaya, kuma ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar. Ɗan wasan da ya cika wata tara amma cinyarsa tana kan kashi 75, keken da ɗakin atisaye ne wurinsa har sai awon ya cika.